Gargaɗi ga masu tsofaffin motoci a Legas: a kula da masu "matsar da inji"

Salamu alaikum 'yan'uwa na Agege, Idi-Araba da Mile 12. Abin da ya same ni nake so ku ji, kada ya sami wani.

Ina da Datsun 240Z ƙirar 1972, gadon mahaifina, Allah Ya jiƙansa. Injinta na asali, L24 mai silinda shida, ya daɗe da bugawa, aka saka mata injin Toyota 1JZ ɗan Beljiyam. Wanda ya yi aikin tun farko ya ɗora injin gaba da yawa, ya kuma ɗaga shi sama, har fanka na neman taɓa lagireto, sitiyari ya yi nauyi a kwana.

A haka wani ya tare ni a gidan mai, ya zagaya motar yana yabo, ya nuna min hotuna a waya wai aikinsa ne. Ya ce, "Alhaji, baya za mu matsar da injin, sati biyu ka zo ka ɗauka." Na ba da kafin alƙalami, rabin kuɗi.

Matsar da inji aiki ne na gaskiya, shi ya sa damfarar take shiga. Amma ba inji kaɗai ke motsawa ba. Sai an ƙera sabon mazauni, an sake ƙarfen da ke riƙe giyabos, an rage tsawon farfela, wato sandar da ke kai juyin inji daga giyabos zuwa tayoyin baya, kuma an daidaita ta a na'ura, an gyara ramin sandar giya da hanyar salansa. A wannan motar kuma dole kwanon baƙin mai ya zama mai zurfi ta baya, don ƙarfen gicciye da rak ɗin sitiyari suna ta gaba. Mutumin nan bai ambaci ko ɗaya ba, ni kuma ban tambaya ba. Wannan ne ke cina har yau.

Sati biyu suka koma wata uku. Yau babu wuta, gobe mai walda ya yi tafiya, jibi a ƙaro kuɗin kaya daga kasuwar kayan mota ta Ladipo. Ranar da na karɓa, ina hawa gadar Third Mainland motar ta kama rawa kamar za ta tarwatse, ga hayaƙi shuɗi a baya. Wani dattijon bakanike a Agege ya shiga ƙarƙashinta, ya fito ya ce, "Ɗana, wannan ba injinka ba ne." An goge lambar injin da giranda, an fesa fenti. Nawa mai lafiya an sayar, an saka min gajiyayye a kan guntayen ƙarfen gini, farfelar kuma an yanke an liƙa da ido kawai. Da ta tsinke a kan gadar nan, sai dai wani labarin.

Na koma garejin, ashe aron fili yake yi. Layinsa a kashe. Na kai ƙara ofishin 'yan sanda.

Don Allah, kafin ka bar motarka, ka ɗauki hoton lambar injin, ka sa bakaniken ya rubuta ta a takardar yarjejeniya gaban shaidu. Ka je ka ga motar da ya taɓa yi, ka yi magana da mai ita. Ranar sauke inji kuma ka tsaya a wurin da kanka, ko ka ajiye yaronka har a mayar da shi.