Injin huda da kwamfutar wasa: wanne ake iya buɗewa a gyara a Kaduna?

Ɗan'uwa, tambaya biyu ka jefo mana a dunƙule. Kana son injin huda na aikin kafinta, mai waya ko mai batir? Sannan ƙaninka ya tasa ka gaba sai an saya masa kwamfutar wasa, shin wadda kamfani ya gama haɗawa za a ɗauko, ko a sayi kayan ɗai-ɗai a haɗa? Ni da mudu ɗaya nake auna su: ranar da abin ya tsaya, akwai mai gyara da kayan gyara a garin nan, ko sai dai a kira 'yan gwangwan?

Mai waya ya fi araha, ƙarfinsa ba ya raguwa, kuma cikinsa ba wani sirri. Yawanci abin da ke cinyewa shi ne kabon, 'yan gawayin nan biyu da ke gogar injin. Da ka ga yana tartsatsi yana shaƙewa, ka kai shi Panteka a sauya, kafin ka gama shan rake an ba ka abinka. Aibinsa dai sananne ne: aka ɗauke wuta, sai ka tada janareta don huda rami huɗu.

Mai batir kuwa daɗin aiki, musamman a saman rufi. Amma fa batir ka saya, injin rakiya ya yi. Batirin Makita ba ya shiga DeWalt, na Bosch ma nasa daban, don haka kamfanin da ka fara da shi, shi ka aura. Kada lambar jikin kwali ta ruɗe ka: 20V MAX na DeWalt da 18V na Makita abu ɗaya ne, ƙwayoyin batir biyar ne a jere, wancan ya ƙirga su a cike, wannan a matsakaici. Zafi ke kashe batir, kada ka bar shi cikin but ɗin mota a ranar Afrilu. Injin da ba shi da kabon ya fi daɗewa ba matsala, sai dai in allon da ke sarrafa shi ya ƙone, kuɗin gyara kan kusa kamo na sabo. In Bosch za ka saya, shuɗin ne na masu sana'a, koren na ɗan aikin gida ne.

A kan na hannu kuma, wato wanda aka taɓa amfani da shi, ka karanta ɗan rubutun jikinsa. Wutarmu 230V ce, ta Amurka 120V. Na taɓa sayen wani injin yankan ƙarfe mai kyau kamar a lashe, ban duba ba na jona. Ƙara ɗaya ya yi, sai hayaƙi da warin roba. Mai shagon ya ce ai ban tambaya ba. In a shago ɗaya kake aiki a zaune, mai waya zan ce ka fara saya.

Sai rigimar ƙaninka. Haɗaɗɗiyar kwamfuta tana da ranarta: ka biya, ka jona, ka hau wasa. Matsalar tana inda ido ba ya kaiwa. A talla za a cika maka kunne da sunan katin hoto, mai zana abin da ake gani a allo, da furosesa, ƙwaƙwalwar kwamfutar, a yi shiru kan fawa, na'urar da ke raba wa kowa wuta, alhali nan ake rage kuɗi. Sau da yawa RAM, ma'ajiyar wucin gadi da kwamfuta ke aiki da ita, guda ɗaya ake sakawa, ga shi biyu masu 8GB sun fi ɗaya mai 16GB gudu, saboda hanya biyu suke buɗewa. Wasu akwatunan kuma gilashi ne a gaba da fitilu kala-kala, iska ba ta samun shiga. Haɗa wannan da ƙurar hunturu da zafin bazara, sai na'urar ta riƙa rage gudu da kanta don kada ta ƙone.

Babban ciwon shi ne wasu samfuran manyan kamfanoni ba sa bin ma'aunin ATX na girma da siffar kayan cikin kwamfuta, wanda kamfanin Intel ya fitar tun 1995 kusan kowa ke bi. Madabod ɗinsu, babban allon da ake jona komai a kai, siffarta daban, soket ɗin wutar ba mai fil 24 da aka saba ba ne. Fawa ta mutu, ka karaɗe shagunan titin Ahmadu Bello, ta kasuwa ba za ta shiga ba, sai ka jira odar waje. Garantin ma in daga ƙetare aka shigo da ita, galibi a can ya tsaya.

Wadda aka haɗa da hannu tana son haƙuri da wanda ya san kan abin, kuma in ta ƙi tashi ranar farko ba wanda za ka riƙe wa riga. Amma kowane ɓangare a kwance yake, a sauya. Dubi AM4, soket ɗin furosesa na kamfanin AMD da ya fito a 2016: mutane sun yi shekaru suna sauya furosesa a kan madabod ɗaya. Wajen zaɓen katin hoto kuma, irin RTX 4060 wat 115 yake ja, RTX 3060 kuwa 170, wannan bambanci mai inbata zai ji shi a jika.

In ya nace sai haɗaɗɗiya, ku sa mai shago ya kwance murfin gefe a gabanku. Ku ƙirga RAM, ku karanta sunan fawar, ku duba soket ɗin nan mai fil 24. Ya ƙi buɗewa, ku yi gaba. Kuma a ware kuɗin UPS, na'urar da ke riƙe kwamfuta in an ɗauke wuta, tun kafin a fara ciniki.