Kafin ka kai laftof ɗinka Computer Village a ƙara RAM, gwada Extension Bisect

Kusan sati uku VS Code, manhajar da nake rubuta kod da ita, na ba ni wahala, in danna harafi a kibod sai ya ɗauki daƙiƙa ɗaya ko biyu kafin ya fito a sikirin, in na adana fayil kuwa fankar laftof ɗin ta kama ƙara kenan kamar janareta, ƙasan ya yi zafi har ba na iya ajiye shi a cinya. Ni a Agege nake zaune a Legas, aiki kuma a Yaba, yawancin kod ɗin da daddare nake rubutawa bayan na dawo, to ka ga in an ɗauke wuta batir ne kawai gatana, shi kuma batirin da yake kai ni awa huɗu ya koma awa ɗaya da rabi ya mutu. Abin ya dame ni sosai wallahi, don akwai mai shago a Mile 12 da nake haɗa wa manhajar lissafin kaya, kullum sai ya kira.

Ranar Asabar na shiga danfo zuwa Computer Village, kasuwar kwamfuta da ke Ikeja, da niyyar a ƙara min RAM, wato ma'adanar wucin gadi da kwamfuta ke aiki da ita, 8GB gare ni, na riga na yanke cewa shi ne matsalar. Mai gyaran da nake zuwa wurinsa ɗan Kano ne, dattijo mai gaskiya. Ya kunna laftof ɗin ya buɗe burauza, ya kunna bidiyo, ya buɗe wannan ya buɗe wancan, komai lafiya lau. Sai ya ce "ɗana, injin nan lafiyarsa ƙalau, in ka ce in saka zan saka, amma wannan manhajar taka ta rubutu ce kaɗai ke nauyi, je ka bincika ta tukuna kar ka zubar da kuɗinka." Na ce "to Baba na gode, Allah ya saka." Na dawo gida da kuɗina a aljihu.

A daren ne na fara da abu mafi sauƙi, na buɗe taminal, wato tagar da ake rubuta wa kwamfuta umarni, na rubuta code --disable-extensions, wannan yana buɗe VS Code ba tare da ko ekstenshan ɗaya cikin waɗanda ka saka ba, wato ƙananan manhajojin da ake ƙara wa VS Code don su ƙara masa aiki. Nan take rubutu ya koma fes, fanka ta yi shiru. To an gane cewa cikin ekstenshan ɗin ne ɓarawon yake, saura wanne, ga shi guda 43 gare ni, wasu tun ina koyo na saka su na ma manta da su.

A nan ne Extension Bisect ya shigo, kuma shi ne dalilin wannan rubutun. Ba wani abu ba ne da za ka sauke, yana cikin VS Code ɗin tun sigar 1.52 ta ƙarshen 2020, kyauta ne, amma na tambayi abokan aikina a Yaba kusan babu wanda ya taɓa amfani da shi. Za ka danna Ctrl+Shift+P ka rubuta Help: Start Extension Bisect. Da farko zai kashe duka ya sake buɗe tagar don a tabbatar laifin na ekstenshan ne, daga nan sai ya riƙa kashe rabi yana barin rabi, kowane zagaye ka gwada aikinka ka faɗa masa, in lafiya ka danna I can't reproduce, in har yanzu da nauyi ka danna I can reproduce (a tsofaffin sigogi Good Now da This is Bad ne), shi kuma ya sake raba waɗanda ake zargi gida biyu. Kamar mai neman rubaɓɓen tumatir a kwando ne, ka kasa kwandon biyu ka shinshina, ɓangaren da ke wari shi za ka sake kasawa. Daga 43 zuwa 22, zuwa 11, zuwa 6, 3, 2, sai ɗaya. Zagaye shida bayan na farkon, ko minti ashirin ban yi ba. Da ɗaya bayan ɗaya zan bi ina kashewa ina sake buɗewa da har asuba ina kai.

Wanda aka kama ɗin ba zan faɗi sunansa ba, mai shi kyauta ya yi wa mutane kuma wataƙila a wurin wasu lafiya yake aiki. Abin da yake yi dai shi ne duk sanda na adana fayil sai ya bi foldar aikin gaba ɗaya yana karantawa, har da foldar node_modules ta kod ɗin wasu da aikin ke aro, wanda duk mai rubuta JavaScript ya san dubban fayiloli ne jibge a ciki. Kuma da yake galibin ekstenshan a cikin tsari guda suke gudana, wanda ake kira Extension Host, in ɗaya ya riƙe shi sauran sai su tsaya a layi, shi ya sa shawarar kod ta daina fitowa da wuri, mai gyara tsarin rubutu ma ya riƙa jinkiri, har na zaci duka ne suka lalace. Na tabbatar da idona a Help, Open Process Explorer, ina danna Ctrl+S don adana fayil ina kallon lambar CPU ta layin Extension Host, wato yawan aikin da yake ɗora wa kwamfutar, tana tashi sama.

Yanzu inda abin bai gamsar da ni ba. Na farko dole ka san yadda za ka tayar da matsalar da kanka, in irin wadda take zuwa ta tafi ce za ka iya danna I can't reproduce alhali ba a warke ba, amsa ɗaya ta kuskure kuma ta isa ta kai ka ga wanda bai ji ba bai gani ba. Ya faru da ni a gwajin farko, na yi gaggawa ban jira komai ya gama tashi ba, sai ya nuna min wani daban, na kashe shi nauyi na nan, dole na sake daga farko. Karo na biyu kowane zagaye sai na buɗe fayil guda ɗin nan, na rubuta layi biyu, na adana sau uku, na saurari fanka, sannan in amsa. Na biyu, in ekstenshan biyu ne suke karo da juna sai sun haɗu matsalar ke fitowa, raba su gida biyu zai iya rikita sakamakon. Sannan gaskiya an ɓoye shi da yawa, abu mai amfani haka ya kamata sabon shiga ya gan shi a fili a wurin da ake saka ekstenshan.

Akwai kuma Developer: Show Running Extensions, yana nuna maka waɗanda ke aiki da tsawon lokacin da kowanne ya ɗauka kafin ya tashi. Yana da kyau in matsalarka jinkirin buɗewa ce, amma ni bai taimaka min ba don nawa da wuri yake tashi, sai daga baya yake ɓarna.

A ƙarshe Bisect ɗin ya ba ni zaɓin barin ekstenshan ɗin a kashe da kuma aika rahoto ga mai shi, na yi duka biyun, na rubuta masa girman foldar da abin da na gani a Process Explorer. Sauran kuma na zauna na tace su, 43 suka koma 17, na Python na kashe su a wannan aikin kawai da Disable Workspace tunda ba na buƙatarsu a nan. Batir ya dawo yana kai ni kusan awa huɗu, mai shagon Mile 12 ya karɓi manhajarsa ranar Laraba, ni kuma ranar Asabar mai zuwa in sha Allah zan biya ta Ikeja in gaya wa Baba yadda aka yi.