BUK ko Wudil? Ka bar masa BUK a zaɓin farko

Malam, tunda injiniyan gine-gine yaron yake so ya karanta, kuma ka ce makinsa na JAMB ya haura 240, ka bar masa BUK, wato Jami'ar Bayero ta Kano, a zaɓin farko. Jami'ar jihar Kano da ke Wudil ta zama madogara in ba a dace ba. Ba zan ɓoye maka ba, ni a BUK na yi shekara biyar ɗina a wannan fannin, don haka ka auna maganata da wannan a ranka.

Da tsohuwar zuma ake magani. Tushen BUK tun 1960 ne, lokacin tana ƙaramar kwaleji a cikin Makarantar Nazarin Larabci ta Kano. A 1962 ta zama Kwalejin Abdullahi Bayero a ƙarƙashin ABU Zariya, sannan a 1977 ta tsaya da ƙafarta a matsayin cikakkiyar jami'a. Ita kuwa ta Wudil a 2001 ta fara, zamanin mulkin Kwankwaso na farko, sai a 2022 aka sa mata sunan Aliko Ɗangote. Wannan tazarar ba a bangon gini ake ganinta ba, a jikin mutane take. Malamin da zai koya wa ɗanka a BUK, wani farfesa ne ya raine shi a wannan sashen, shi ma farfesan wani ne ya raine shi. Kuma da yawa daga malaman jami'o'in jiha da na sani, in ka bi sawun digirinsu na biyu ko na uku, a BUK ko Zariya za ka tarar sun yi.

Bari in ba ka abin da ya faru da ni, don shi ne ya sa har gobe ba na iya yin shiru in ana maganar makarantar nan. A shekarar ƙarshe aikin bincikena a kan kankare ne, ana rage siminti a zuba tokar ɓuntun shinkafa a ga ko ƙarfinsa zai tsaya. Wanda ya san aikin ya san ƙa'idarsa: ka zuba kankaren a ma'auni, ka jiƙa shi a ruwa, sannan ka murƙushe shi a inji ran kwana 7, da 14, da 28. Na kwana 28 ɗin nan shi ne gaba ɗaya aikin, in ya wuce ka sai dai ka sake sabon zubi, wata guda ya tafi. To nawa sai ya faɗo washegarin Babbar Sallah, makaranta a rufe. Akwai wani dattijo mai kula da ɗakin gwaje-gwaje, Baba muke ce masa, na je na same shi da kunya na faɗa masa. Bai ce komai ba illa in zo ƙarfe tara. Ran nan ya hau babur ɗinsa daga cikin gari har sabuwar jami'a da ke kan titin Gwarzo, da kayan Sallarsa a jiki, ya buɗe ɗakin, ya tsaya a kaina har na fasa na ƙarshe, yana gyara min yadda zan ɗora kankaren a tsakiyar faranti don kada injin ya ba ni lissafin ƙarya. Da na miƙa masa kuɗin mai sai ya ture hannuna, ya ce in riƙe in buga takarduna. Allah Ya saka masa da Aljanna. Mutum irin wannan, wanda ya shekara talatin yana kallon kankare yana fashewa, ba a sayo shi rana ɗaya, kuma shi nake so ɗanka ya tarar.

Sai maganar suna. Mutane kan ce suna linzami ne, kuma a neman aiki na ga gaskiyar haka. Lokacin da na je ganawar neman aiki a wani kamfanin gine-gine a Abuja, injiniyan da ke jagorantar zaman ya duba takardata, ya ɗago ya tambaye ni wa ya koya min lissafin ƙarfin gini. Da na faɗi sunan malamin sai ya yi murmushi, ashe shi ma a hannunsa ya wuce shekaru kafin ni. Ba wannan ne ya ba ni aikin ba, sai da na amsa tambayoyi har gumi ya keto min, amma ya sa an saurare ni da kunnen arziki. Tsofaffin ɗaliban BUK sun bazu a ma'aikatu da kamfanoni da bankuna a duk faɗin Arewa da Abuja. Jami'ar da Attahiru Jega ya shugabanta kafin ya tafi INEC a 2010, wadda Abubakar Rasheed ya shugabanta kafin ya riƙe NUC, hukumar kula da jami'o'i ta ƙasa, ba sai ka tsaya yi wa kowa bayanin inda take ba ko a Legas ne ko a Fatakwal.

Kuma akwai abin da yaro ke samu a babbar jami'a wanda ba ya cikin manhaja. A BUK ɗanka zai zauna da masu karanta likitanci da ke zuwa Asibitin Koyarwa na Aminu Kano, da 'yan shari'a, da 'yan aikin jarida, da masu Larabci da Hausa, da yara daga Neja da Kogi da Oyo. Zai ji ana taro a Gidan Mambayya ya je ya zauna ya saurara. Injiniyan da bai san komai ba sai ƙarfe da siminti, ran da aka sa shi gaban mai kwangila ko jami'in gwamnati bakinsa mutuwa yake.

Wudil kuma, to, ba laifi. Don kimiyya da fasaha aka kafa ta, injiniyanci da noma su ne abin da ta sa gaba, kuma na yi aiki da yara biyu da suka fito daga can, sun san aikinsu. Ga ɗan asalin Kano kuɗinta da sauƙi, musamman tun da gwamnatin jiha ta rage rabin kuɗin rajista a manyan makarantunta a 2023. Amma ka sa a lissafi cewa tana kusan kilomita 40 daga cikin gari a kan hanyar Maiduguri, don haka maganar ya riƙa kwana a gida ba ta taso ba, sai ka kama masa wuri ka kuma ɗauki nauyin cinsa. Abin da ka rage a rajista yana iya zurarewa ta nan. Sannan jami'ar jiha numfashinta a hannun gwamnan da ke kan kujera yake, wani ya kula da ita, wani ya juya mata baya.

Ba ka tambaya a kan jami'ar Northwest ba, wadda aka kafa a 2012 aka kuma taɓa sa mata sunan Yusuf Maitama Sule a 2017. Da ilimin koyarwa ko kimiyyar zamantakewa yaron yake so, da na ce a duba ta saboda tana cikin gari. A kan abin da yake nema, tsakanin waɗancan biyun maganar take. Masu zaman kansu irin su Skyline da Maryam Abacha da Al-Istiqama ta Sumaila kuwa duk sababbi ne, ba su kai shekara goma ba ko kuma yanzu suke kaiwa. Babban abin da suke sayarwa shi ne ba yajin aiki. Wannan ba ƙaramin abu ba ne ga wanda ya ga 2022, da ASUU, ƙungiyar malaman jami'o'i, ta rufe jami'o'i daga Fabrairu har Oktoba, wata takwas cur. Sai dai kada ka ɗauka zuwa jami'ar jiha tsira ne daga wannan, da yawansu sun bi sahu a waccan shekarar.

Duk inda zai je, abu guda ka bincika da kanka: kwas ɗin nan takamaimai yana da amincewar NUC, kuma yana da ta COREN, hukumar da ke yi wa injiniyoyi rajista? Jami'a na iya zama halastacciya amma wani sashe a cikinta bai samu amincewa ba. Ka shiga shafin hukumomin biyu ka gani da idonka, kada ka tsaya ga abin da aka rubuta a allon talla.

Yanzu ga abin da ba ka tambaye ni ba amma dole in faɗa, domin ni ya ci ni. Dillalan gurbin karatu. Da zarar an ji kana nema wa yaro jami'a za su fito maka kamar ƙuda, wani ya ce yayansa na ofishin rajista, wani ya ce akwai kason wani babba da ake sayarwa. Shekarun baya na biya wani mutum kuɗi mai yawa don ƙanena, mutumin da muke sahu ɗaya a masallaci. Ya kawo mana takarda mai tambari da sa hannu, muka yi murna, Hajiyarmu har sadaka ta yi. Yaro ya ɗauki jaka ya tafi rajista aka ce babu sunansa a ko'ina. Mutumin ya kashe waya, shekarar ta tafi a banza, kuma abin da ya fi kuɗin ciwo shi ne yadda yaron ya yi wata biyu ba ya son fita ƙofar gida. Malam, duk gurbin da bai fito a CAPS ba, wato shafin JAMB na bayar da gurbin karatu, yaro ya shiga da kansa ya danna amincewa, to ba gurbi ba ne ko da takardar da ruwan zinare aka buga ta. Wanda ya yi karatu ba ta wannan hanyar ba, ranar tafiya bautar ƙasa zai gane kurensa. Kada kuma ka ba kowa lambobin sirrin shafin yaron, akwai masu shaguna da ke canza wa yara makaranta ko kwas ba da saninsu ba. Haka masu cewa ka kawo shi Kwatano ta ƙasar Benin a gama masa digiri cikin ɗan lokaci. Ka tuna ɗan jaridar nan da ya sayo digiri a can cikin mako shida, wanda ya sa gwamnatin tarayya ta dakatar da tantance takardun Benin da Togo a farkon 2024. Yaran da iyayensu suka zuba kuɗi a irin waɗannan wuraren su ne suka kwana a ciki.

Gaskiyar da zan ƙara maka ita ce shiga BUK a injiniyanci akwai gasa, masu nema sun ninka kujeru. Amma tsarin jami'o'in tarayya kashi 45 na cancanta ne, 35 na jihohin da ke yankin jami'ar, 20 na jihohin da aka bari a baya a ilimi, kuma ɗan Kano yana cikin yankin BUK, don haka yana da ƙofa fiye da ɗaya. Ka tabbata sakamakonsa na WAEC ko NECO yana da kiredit a Lissafi da Ingilishi da Fiziks da Kemistiri, kuma an ɗora shi a shafin JAMB, don yara da yawa a nan suke faɗuwa ba a maki ba. Ya cike fom ɗin tantancewa na jami'ar da zarar an buɗe. In jerin farko da na biyu suka fito babu sunansa, kada ka zauna jiran alkawarin kowa, ka kai shi cibiyar JAMB a canza zuwa Wudil tun ba a rufe ba. In kuma an ba shi BUK amma aka juya shi wani kwas ɗin da ba ya so, ka kira ni mu zauna da yaron tukuna kafin ya danna komai. Allah Ya yi masa zaɓi mafi alheri.