Kafson kemis ko tukunyar gida: wanne ya fi wa ƙwaƙwalwar Inna?

Assalamu alaikum. 'Yar'uwa, tun jiya da daddare na ga tambayarki, na bari sai na samu natsuwa, don ba ta amsuwa a tsaitsaye. Ga waɗanda ba su gani ba: mahaifiyarta ta haura saba'in, ta fara ajiye abu ta manta inda ta sa, takan maimaita tambaya ɗaya sau uku kafin la'asar. Ƙaninta ya ce a saya mata kafson furobayotik, wato kafso mai ɗauke da bakteriya masu rai, don ya ji an ce lafiyar ƙwaƙwalwa daga hanji take farawa. Ita kuma tana ganin gara kuɗin ya tafi wajen gyara abincin Inna. Allah Ya ƙara wa Inna lafiya, Ya saka muku da alheri.

Ƙanin naki bai faɗi ƙarya ba, rabin labarin ya ji. Mu a Hausa duk ƙananan halittun da ido ba ya gani mun haɗa su mun kira su ƙwayoyin cuta, alhali mafi yawan bakteriyar da ke cikin babban hanji aiki suke mana. Wani ƙiyasi na 2016 ya ce babban mutum mai nauyin kilo 70 yana ɗauke da kimanin tiriliyan 38, kusan duka a hanji, nauyinsu gaba ɗaya wajen giram 200. Abincinsu shi ne harzar da cikinmu ba ya iya narkarwa, irin ta dusar hatsi da bawon wake da ganye, wadda likitoci ke kira faiba. Idan suka ci sai su fitar da wasu sinadarai, fitaccensu butiret, wanda bangon hanji ke rayuwa da shi, yana kuma kwantar da wani ɓoyayyen kumburi da ke ƙaruwa a jiki da shekaru, kumburin da ake zargi da gajiyar da ƙwaƙwalwa. Ga kuma jijiyar bagus da ke kai saƙo tsakanin ciki da kai. A 2021 masu bincike a Jami'ar Kok ta Ayalan sun ɗebi bakteriyar hanjin ƙananan ɓeraye suka zuba wa tsofaffi, sai tsofaffin suka fi iya tuna hanya. Alaƙar gaskiya ce. Amma Inna ba ɓera ba ce, don haka mu dubi abin da aka gani a jikin mutane.

Bambancin farko shi ne abin da kowanne ke kaiwa cikin hanji. Kafso baƙi yake kawowa, bakteriya masu rai iri ɗaya ko biyu ko goma. Tukunya kuwa 'yan gida take ciyarwa, ɗaruruwan ire-iren da suka daɗe da zama a wurin. Kin san abin da aka ce, baƙo raɓa, ɗan gari kaba. A 2018 a Cibiyar Waizman ta Isra'ila an ba mutane furobayotik, sannan aka zura na'ura aka leƙa hanjinsu: a jikin wasu baƙin sun samu wurin zama, a jikin wasu sun wuce abinsu kawai. Abin da ya fi ba ni mamaki shi ne waɗanda suka sha shi bayan antibayotik, bakteriyarsu ta asali ta fi jinkirin dawowa a kan ta waɗanda ba a ba komai ba. Tunanin kansa ba sabo ba ne. Masanin kimiyya Eli Mechinikof, wanda ya samu kyautar Nobel a 1908, tun a lokacin yake cewa tsamin nono ne sirrin tsawon ran manoman Balgeriya. Fiye da shekara ɗari ke nan ana sayar da wannan fata.

Hujjar kafso a kan ƙwaƙwalwa siririya ce. Wadda aka fi yawo da ita daga Kashan take a ƙasar Iran, a 2016: mutum 60 masu cutar mantuwa ta Alzaima, rabinsu suka sha madara mai furobayotik tsawon mako 12, makinsu a gwajin tunani mai maki 30 ya tashi daga 8.7 zuwa 10.6. Motsi ne, amma mai maki goma cikin talatin har yanzu yana cikin matsanancin hali, kuma mutum sittin a wata uku ba su isa a gina gida a kansu ba. Ƙari a kan haka, kowane kamfani da irin bakteriyar da yake zubawa, abin da aka gwada a Kashan ba lalle shi ne a kwalbar da ke kemis ɗin unguwarku ba. Wasu ma sai a firji suke rayuwa. Ki ƙiyasta kwalbar da ta kwana a kan kantar kemis cikin zafin Afrilu, ga halin wuta.

Ɓangaren tukunya ya fi kauri, kuma akwai abin da ya taɓa mu kai tsaye. A 2010 aka kwatanta yara 14 na ƙauyen Bulfon a Burkina Faso da yara 15 na birnin Fulorens a Italiya. Me yaran Burkina ke ci? Gero da dawa da wake da ganye, wato abin da ke rumbun kakanninmu. Hanjinsu ya fi yawan ire-iren bakteriya, da masu iya narka harza irin su Firebotela, kuma sinadaran nan dangin butiret sun fi yawa a bayan gidansu. A Ayalan kuma, a 2012, an duba tsofaffi 178. Waɗanda suka daɗe a gidajen kula da tsofaffi, suna cin abinci kala ɗaya mai ƙarancin harza, bakteriyarsu ta ragu iri-iri, kuma su ne suka fi rauni da alamun kumburi. Sannan a 2020 aka fitar da sakamakon tsofaffi 612 a ƙasashe biyar, Birtaniya da Faransa da Holan da Italiya da Folan. Kusan rabinsu sun shekara a kan abincin yankin Bahar Rum, wato ganye da wake da 'ya'yan itace da gyaɗa-gyaɗa da kifi da man zaitun. Bakteriyar da suka ƙaru a cikinsu su ne masu tafiya tare da ƙarfin jiki, ƙarancin kumburi da kyawun tunani.

Sai dai in na tsaya nan na cuce ki. A 2015 wani bincike na Jami'ar Rush a Chikago ya bi tsofaffi 923, ya ga waɗanda suka fi riƙo da tsarin abincin da aka sa wa suna MIND haɗarin Alzaima ya ragu musu da kashi 53 cikin ɗari. Duniya ta ɗauka. Amma wannan zuba ido ne kawai aka yi, kuma mai cin ganye kullum galibi shi ne mai motsa jiki, mai zuwa asibiti, mai abin hannu. Da aka zo gwaji na gaske, aka raba mutum 604 gida biyu ta hanyar ƙuri'a tsawon shekara uku, sakamakon da ya fito a 2023 bai nuna wani bambanci na a zo a gani ba. Duka ɓangarorin sun ɗan rage ƙiba, duka sun ɗan inganta. Don haka duk wanda ya ce miki zogale na warkar da gigin tsufa, ki yi masa sallama ki wuce. Abinci yana gyara ƙasar da ƙwaƙwalwa ke tsaye a kai, a hankali, cikin shekaru. Ba ya dawo da abin da ya riga ya tafi.

Akwai wani abu a tsakiya da ke rikita masu saye, don sunayen sun yi kama. Furobayotik bakteriya ne. Firibayotik kuma abincin bakteriya ne, gari ne na harza. A 2024 a Kwalejin Sarki ta Landan an ɗauki tagwaye biyu-biyu har 36, duk sun kai sittin, ɗaya aka ba shi garin inulin, wani irin firibayotik, ɗan'uwansa aka ba shi garin banza, tsawon mako 12. Masu inulin sun fi yin ƙoƙari a wani gwajin tunawa da ake amfani da shi wajen gano farkon Alzaima. Shi ma ƙaramin bincike ne, amma ki lura da wanda ya ci: ciyar da 'yan gida. Kuma inulin ɗin nan yana cikin albasa da tafarnuwa.

Nono fa? Nan ne tukunya ta shiga gonar kafso. A Jami'ar Sitanfod, a 2021, an raba mutum 36 tsawon mako 10, wasu suka ƙara harza, wasu suka ƙara abinci mai tsami irin yogot. Masu tsamin ne ire-iren bakteriyarsu suka ƙaru, sinadarai 19 masu nuna kumburi suka sauka a jininsu. Ba ƙwaƙwalwa aka auna ba, kuma lafiyayyu ne, amma ya isa ki dubi kwaryar fura da nono da sabon ido: geron harza ne, nonon bakteriya ne masu rai. Sharaɗi biyu. Ki tabbata an tafasa madarar kafin a bar ta ta yi tsami, saboda tarin fuka na shanu da zazzaɓin burusela ta ɗanyar madara suke shiga. Sannan ki janye hannu daga suga, cokali huɗu a kofi ya rushe aikin. Koko da daddawa su ma tsami ya haife su, amma tafasasshen ruwa da wutar miya sun kashe mafi yawan masu ran, don haka kar ki lissafa su a layin kindirmo.

Na ga yadda abin ke lalacewa a gidanmu. Gwaggona da haƙoranta suka zube, sai ta koma shayi da burodi safe da dare, tuwon rana ta tsakura ta ture. Mu muna ganin ai tana ci. Har sai da ta riƙa yin kwana huɗu ba ta zaga ba, ga faɗa, ga rashin barci. Muka koma yi mata kunun gero wanda ba a tace shi tas ba, wake a dafa shi luguf a murje da bayan ludayi, miyar kuka ko kuɓewa mai ruwa-ruwa, gwanda nunanniya da yamma, kindirmo rabin kofi. Cikin mako biyu ciki ya saki, barci ya dawo, fuska ta washe. Mantuwar tana nan, sunan jikokinta har ta rasu tana haɗa su. Amma zaman ya yi mata daɗi, mu ma haka.

Abin da nake so ki lura da shi a kicin shi ne surfe. Muna kai hatsi inji a surfe shi fari tas, dusar mu ba akuya, wato abincin bakteriyar Inna ne muke zuba wa dabbobi. Ki sa a rage surfen. Ki riƙa juya kala: yau dawa, gobe gero, jibi acca, wake, gurjiya, gyaɗa, riɗi, zogale, rama, yakuwa, alayyahu, lalo, tafasa. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ce babba ya samu aƙalla giram 25 na harza da giram 400 na ganye da 'ya'yan itace a rana, gishiri kuma kar ya kai giram 5, kuma magi ma gishiri ne. Kar ki juye mata komai rana ɗaya, ciki zai cika da iska ta ce kin sa mata ciwo. Kaɗan-kaɗan, da ruwan sha wadatacce. In tana da ciwon ƙoda ko tana shan maganin tsinka jini, ki tambayi likitanta kafin ki yawaita ganye.

Wani abu daga gida Najeriya: binciken haɗin gwiwa na Ibadan da birnin Indiyanafolis na Amurka, wanda aka wallafa a 2001, ya ga cewa a kowace shekara kashi 1.35 cikin ɗari na tsofaffin Yarabawa ke kamuwa da cutar mantuwa, baƙaƙen fatar Amurka kuwa kashi 3.24. Ba hanji aka duba ba, amma masu binciken sun lura hawan jini da ciwon suga da kitsen jini sun fi ƙaranci a Ibadan. Wannan ne ya kawo ni inda kafso da tukunya duka suka gaza. Kwamitin mujallar Lancet ya lissafa abubuwa 14 a 2024 waɗanda ke da hannu a kusan kashi 45 cikin ɗari na cutar mantuwa, ciki har da hawan jini, ciwon suga, raunin ji, raunin gani da kaɗaici. A Finlan ma, gwajin da ya nuna amfani a 2015 a kan mutum 1,260 haɗawa ya yi: abinci, motsa jiki, wasa ƙwaƙwalwa da lura da jini, tsawon shekara biyu.

Don haka in ni ne, kuɗin kafson nan asibiti zai fara zuwa, canjin ya tafi kasuwar hatsi. A auna mata jini da suga, a duba kunne da ido, a gwada maƙoƙo da bitamin B12, domin ƙarancin B12 yana kawo mantuwa kuma yana gyaruwa. Gero da ganye ba su da shi, sai nono da ƙwai da kifi da nama. Ranar zuwa ki tattara duk magungunan da take sha a leda ɗaya, har na gargajiya da na barci, ki ɗora wa likita a tebur. In akwai metfomin a ciki, maganin suga, ki gaya masa shekara nawa ta yi tana sha, don yana rage B12 ɗin.