Ɗakin gwaji ko kwamfuta: wanne ya fi wa ɗalibin kimiyyar kayan ƙere-ƙere?

Ɗalibin da ya bi tsohuwar hanya, rabin rayuwarsa a ɗakin gwaji take. Zai narkar da ƙarfe, ya sanyaya shi, ya goge, ya leƙa ƙwayoyinsa a madubin ƙara girma, sannan ya ja shi da inji har ya tsinke. A nan yake gane da idonsa dalilin da ya sa ɗan ƙarin kabon ke ƙara wa ƙarfe tauri amma ya rage masa lanƙwasuwa. Matsalar wannan hanya ita ce jinkiri. Misali, batirin lithium-ion da aka fara bincikensa a shekarun 1970, sai a 1991 Sony ta kai shi kasuwa.

Hanyar bayanai kuwa gaggawa ce sana'arta. Ɗalibi zai koyi Python (yaren rubuta manhajar kwamfuta) da ƙididdiga, ya shiga rumbun bayanai irin Materials Project da aka buɗe a Amurka a 2011, ya horar da kwamfuta ta yi hasashen halayen sinadarin da ba a taɓa haɗawa ba. A 2023 cibiyar binciken ƙirƙirarriyar basira ta Google DeepMind ta sanar da hasashen sabbin tsare-tsaren kiristal miliyan 2.2. Sai dai hasashe daban, haɗa abu a zahiri daban, kuma kaɗan ne daga cikinsu aka taɓa haɗawa.

Ni dai, da ni ne, sai na fara ƙona yatsa a tanderu tukuna. Wanda bai taɓa ganin yadda tsaga take bin ƙarfe ba, da wuya ya gane lokacin da kwamfutarsa ta fara shirme, musamman in bayanan da aka ɗura mata gurɓatattu ne.