Mun je ganin ƙaton ƙwarangwal ɗin nan na Berlin, ashe ɗan Afirka ne

Jama'a duk wanda ke Berlin ko hanya za ta biyo da shi, musamman mai yara, don Allah ya ware rabin yini ya shiga Museum für Naturkunde, wato gidan tarihin halittu da ke titin Invalidenstraße. Mu ran Asabar muka je, ni da maman yara da yaranmu biyu. Zuwan ba wahala, jirgin ƙarƙashin ƙasa na U6 zai sauke ka a tashar da ake kira da sunan gidan, ɗan taku kaɗan ka iso. Amma a kula ba sa buɗewa ran Litinin.

Kana wuce wajen tikiti za ka faɗa wani makeken zaure mai rufin gilashi, kuma wallahi ni dai ban san sanda subhanallah ta fito daga bakina ba. Ƙwarangwal ne na dainaso a tsaye, irin dabbobin nan na zamanin da da suka ƙare a duniya, tsayinsa mita 13.27, ka ɗauka kamar bene mai hawa huɗu, kuma littafin Guinness ya shaida babu wani ƙwarangwal ɗin dainaso da aka harhaɗa a duniya da ya kai shi tsayi. Ƙafafun gaba sun fi na baya tsawo, kafaɗa a sama, sai wuyan nan ya miƙe ya yi ta tafiya har sai ka ɗaga kai wuyanka ya fara ciwo kafin ka hango ɗan kan can kusa da rufi. Yarinyar ma riƙe zanin mamanta ta yi ta ƙi matsawa. Shi kuwa babban tsalle ya buga yana cewa Abba ga Brachiosaurus, Abba irin nawa na gida!

To a nan zancen yake, kuma shi ya sa ma na zauna rubuta wannan. Sunan da yaron ya kira shi ne wanda duniya ta sani kusan shekara ɗari, amma masana da yawa yanzu ba haka suke kiransa ba, Giraffatitan brancai suke cewa, in za a faɗa da Hausa ƙaton raƙumin dawa kenan, kuma duk wanda ya tsaya a gindinsa ya kalli tsayuwar nan zai ce sunan ya dace.

Asalin Brachiosaurus a Amurka aka same shi, a jihar Kolorado a 1900, wani masani Elmer Riggs na gidan tarihin Shikago ya raɗa masa suna a 1903, kuma abin da ya samu bai taka kara ya karya ba, ƙashin dantse, na cinya, wasu ƙasusuwan baya da haƙarƙari, ba kai ba wuya. Shi kuma wannan na Berlin daga tudun Tendaguru aka tono shi, a kudancin Tanzaniya ta yau, lokacin tana hannun Jamusawa, tsakanin 1909 da 1913. Da masanin Jamus Werner Janensch ya duba ƙasusuwan sai ya ga suna kama da na Riggs, a 1914 ya sa shi a gida ɗaya da na Amurka ya ce masa Brachiosaurus brancai. Haka aka yi ta tafiya har 1988 da wani mai bincike Gregory Paul ya ce a'a akwai bambanci, ya kawo sunan Giraffatitan, mutane da dama ba su karɓa ba, sai a 2009 wani masani Michael Taylor ya bi ƙashi ɗaya bayan ɗaya ya lissafo bambanci 26, ciki har da cewa na Amurka ya fi tsawon gangar jiki da wutsiya. Daga nan ne akasari suka koma sabon sunan, duk da wasu sun ɗan ci gaba da riƙe tsohon suna cewa ai jinsi biyu na iya zama gida ɗaya ko da sun ɗan bambanta.

Ni fa ba masani ba ne amma ina bayan sabon sunan ɗari bisa ɗari. Kusan duk hoton da muka sani na Brachiosaurus, wanda ke jikin rigunan yara da kayan wasa, da kan nan mai tudu a saman hanci, daga wannan na Tendaguru aka kwaso shi tunda shi ne ya fi cika. Kenan jikin na Afirka ne, suna kuma na wani can daban. Da na faɗa wa yarona cewa wannan dabbar a Afirka ta yi kiwo shekara miliyan 150 da suka wuce, a ƙarshen zamanin Jurasik, shiru ya yi yana kallona, sai ya ce Abba da gaske? Wannan tambayar kaɗai ta biya ni kuɗin tikiti.

Kuma ba dabbar ce kawai ta Afirka ba, har hannayen da suka tono ta. Ɗaruruwan mutanen yankin ne suka yi haƙan, shugaban ma'aikatan sunansa Boheti bin Amrani, sannan 'yan dako suka yi ta ɗaukar ƙasusuwan a ka da kafaɗa, tafiyar kwanaki a ƙasa zuwa tashar jirgin ruwa ta Lindi, sama da tan 200. A cikin gora suke ɗaure wasu, ƙananan kuma har a ɓawon ɗan kuka aka zuba su, kukar nan dai da muka sani. Duk wannan fa shekara biyu kacal bayan yaƙin Maji Maji, na mutanen ƙasar da Jamusawa, da ya cinye rayuka masu yawa a kudancin ƙasar. Ina tsaye a zauren nan abin ya yi ta yi min yawo a rai. Akwai 'yan Tanzaniya da ke kiran a mayar musu da ƙasusuwan, kuma ni ban ga laifinsu ba ko kaɗan.

Mutanenmu na Nijar ma kar su ga kamar zancen na nesa ne, Jobaria, wani dainaso da aka tono a yankin Agadez wajen Ingal, wanda masani Paul Sereno ya sa wa suna a 1999, shi ma mai dogon wuya ne, da farko an ce na zamanin Kiretashiyos ne, wanda ya biyo bayan Jurasik, daga baya aka mayar da shi Jurasik, kuma masana sun yi ta ja-in-ja kan dangin da za a sa shi.

Sauran abin da ya burge ni, ba a bar ƙwarangwal ɗin yadda aka fara kafa shi a 1937 ba, a 2007 an sake harhaɗa shi bisa sabon ilimi, aka ɗaga wutsiyar daga ƙasa aka miƙar da ƙafafun. Ba dabba ɗaya ba ce, an haɗa ƙasusuwan fiye da guda, wasu sassan kuma kwafi ne saboda na ainihin sun yi nauyi ko za su iya karyewa. A gefensa akwai Dicraeosaurus da Kentrosaurus mai ƙayoyi a baya, duk 'yan Tendaguru. Akwai wata na'ura kamar madubin hangen nesa da in ka leƙa sai ka ga ƙasusuwan sun yi nama da fata dabbar ta fara tafiya, a nan yaran suka fi daɗewa, da kyar muka ɓamɓare su. Kar kuma ka fita ba ka ga Archaeopteryx ba, wato daɗaɗɗen tsuntsun zamanin dainaso da ya zama dutse, da ɗakin kwalaben nan dubbai masu kifaye da macizai a cikin sinadari, maman yara dai leƙawa ɗaya ta yi ta juyo.

Asabar da rana akwai cika sosai, in da hali a je da safe ana buɗewa ko a tsakiyar mako, a kuma tanadi kamar awa uku. Mu dai mun ce za mu koma lokacin hutun makaranta, don yaron ya ce bai gama ƙirga ƙasusuwan wuyan ba.