Yoyon baƙin mai a tsohon mashin ɗina, gam ɗin tube da aikin wani dattijon bakanike

Jama'a bari in ba ku labarin yadda na rabu da yoyon baƙin mai, don na san akwai masu tsofaffin mashina da ke fama da irin wannan. Mashin ɗina mai injin CG ne, wato irin wanda 'yan Chana suka kwaikwayo daga Honda CG125 da ya fito tun 1975. Na saye shi hannun wani ɗan acaba a 2013 lokacin da aka hana goyo a Kano, kuma har yau da shi nake zuwa aiki da gona, ina son mashin ɗin nan sosai wallahi.

Wajen shekara guda kenan ya fara ɗiga, duk inda na ajiye shi sai ka ga baƙin tabo a siminti, uwargida kullum cikin zuba toka take a zaure, ƙafar wandona ta hagu kuwa duk ta ɓaci. Abin da ya fi tada min hankali shi ne injin nan gaba ɗaya abin da yake sha bai wuce lita ɗaya ba, to in yana zubarwa kullum ai wata rana a hanya zai buga.

Da farko jan gam ɗin nan na tube na saya, wani yaro ya lafta shi a murfin kan inji da murfin gefe ba tare da ya kankare tsohon fakin ba, wato shimfiɗar da ake sawa tsakanin murfi da jikin inji don hana yoyo. Sati biyu shiru na ɗauka an gama, sai ga shi ya dawo har ya fi da. Gaskiya ba zan ce gam ɗin ba shi da amfani ba, amma ba a madadin fakin ba, kuma ba lafta shi ake yi ba.

Sai wani abokin aikina ya kai ni wurin wani dattijo da ke gyara a gindin dalbejiya. Na ce Baba ina ganin sai an sauke inji, ya ce haba ɗana, ai ba a yi wa ciwo magani ba a ga bakinsa ba. Ya sa yaronsa ya wanke injin tas da kananzir da buroshi, ya bushe, ya barbaɗa masa farar hoda ta jarirai ya ce in zaga in dawo. Ina dawowa sai ga layin mai ya fito ɓaro-ɓaro a kan hodar, ashe daga bayan ƙaramin sifroket, wato faifan nan mai haƙora da ke jan sarƙa, yake fitowa, sarƙa ce ke watsa shi ko'ina shi ya sa muka zargi murfi. Da ya zaƙulo sil ɗin wurin, wato zoben robar da ke tare mai, ya sa min a tafin hannu, robar ta bushe ƙamas, na ɗan lanƙwasa ta sai ta tsage. Na sandar giya ma haka, ya canja su biyun.

Inda ya burge ni shi ne bai tsaya nan ba, ya zare robar da inji ke numfashi ta cikinta ya hura, a toshe take da taɓo. Ya ce in iska ba ta samu hanyar fita ba dole ta tura mai ta sil, ko sabo ka sa zai sake. Sannan da ya kwance murfin juye mai ya ciro 'yar ragar da ke tace mai, wallahi guntayen jan gam ne maƙale a jiki kamar tsutsa, wanda ya matso ta ciki lokacin da yaron nan ya ɗaure. Raina ya ɓaci sosai, don da ya toshe hanyar mai da kan inji ya tafi. Ya kankare komai da reza a hankali, ya sa sabon fakin da sabuwar robar murfin, ya ɗaure notuna ɗaya nan ɗaya can da ƙaramar sifana, ya ce jikin almini ba ya son ƙarfi, zare yake ci. Ya zuba baƙin mai 20W-50 ya auna da sanda.

Matsalarsa ɗaya, jira. Na je da hantsi ban bar wurin ba sai bayan la'asar, kuma kai za ka je ka sayo kaya da kanka, ya ba ni tsohon sil ya ce in gwada da shi kar a haɗa ni da jabu. Kuɗin sil biyun bai kai na litar mai ɗaya ba.

Yau wata huɗu kenan, na je Bichi na dawo sau uku, kwalin da nake shimfiɗawa a ƙarƙashinsa da dare a bushe nake ɗauke shi. Ƙasan silinda ne kawai yake ɗan gumi, Baba ya ce in bar shi sai ranar da za a canja ringi a haɗa gaba ɗaya.